Goma da Minti Goma

Ƙarƙashin bedin da ke bayan babbar kasuwar Maraɗi
Nomau ke kafa teburinsa, ƙafa uku da bulo ɗaya,
akwatin gilashi cike da agogunan da masu su suka manta,
hantsaki, madubin ido guda,
da wani kwalin sabulu da ba ya barin kowa ya zauna a kai.

Mujallu ne a ciki. Goma sha bakwai.
Wani direban gingimari ya kwaso su a Kwatano,
a kan kilo, cikin takardun ƙunsa kaya.
Ƙaramar cikinsu ta girmi ɗana na fari.

Ran Alhamis, in an sallame la'asar, mukan taru:
ni, da Mushe Arzika da ya ajiye alli ya ɗauki carbi,
da Jadi ɗan kabu-kabu, mai agogon jaka biyu
da yake shafawa kamar ɗan maraƙi.
Sai an wanke hannu. Doka ce.
Mai maiƙon ƙuli-ƙuli ya leƙa daga nesa.

Mushe ke jan Faransancin da yatsa.
Nomau bai san ko bihim ba,
amma a buɗe masa hoton cikin agogo
ya karanta hanjinsa kamar mahauci:
"Wannan haƙori ke tura wancan.
Wannan gashin, in ya numfasa, sauran su tashi.
Wanda ya ƙera shi ba a bin sa bashi,
hannun mai bashi rawa yake."

Kowa da tasa.
Jadi na son mai shuɗin bango, ta agogunan masu nutso a teku,
shi da ko Gulbi ya kawo ba ya tsallakawa.
Mushe na son mai dogon bayani.
Tawa ta rasa shafi na arba'in da ɗaya:
wani tsoho a ƙasar duwatsu
ya shekara tara kan agogo guda,
"sai ranar da ya ɗaura shi"
nan takarda ta yage.
Mun ƙarasa labarin ya fi sau ashirin.
Jadi kullum kashe tsohon yake.

Yara kan wuce su ɗaga waya:
"Baba, ga sababbi dubu a nan."
Ya ce, "Naku gudu suke. Nawa suna jira na."

Jadi ne ya fara lura:
kowane agogo, a kowane shafi,
goma da minti goma yake nunawa,
hannuwa sama kamar masu roƙon ruwa.
Muka bi sha bakwai ɗin kaf. Haka ne.
Mushe ya ce dabarar ƴan talla ce.
Nomau ya daɗe shiru.
"Hantsi ne," ya ce. "Can rana ba ta wuce hantsi.
An karya kumallo, ba a soma gajiya ba,
ba a aiko da rasuwar kowa ba tukuna."

Bara da kaka yana ta rufe masa ido.
Ya bar gyara, bai bar zuwa ba.
Mukan ɗora mujalla a cinyarsa,
ya shafa, ya sansana:
"Ta Jadi ce, wadda ruwa ya taɓa."
Bai taɓa kuskure ba.

Bana bedin na nan. Teburin an kai gida.
Cima, ƴarsa, ta aiko da kwalin, wai mu raba.
Sha bakwai ba ta rabuwa uku.
A ƙasan kwalin muka tarar da agogonsa,
ba gilashi, ya cire don ya laluba,
ya tsayar da shi inda kuka sani.

Jadi ya miƙa hannu zai wana shi.
Mushe ya ce, "Bari.
Buɗe mana shafi na arba'in, yau kai ne da ƙarshe."
Jadi ya wanke hannu, ya gyara murya,
ya daɗe yana kallon yagaggen wurin.
Ranar ya bar tsohon da ransa.