Daren Awon Barci

Shekara biyu da wata huɗu
iskar Gidado ba ta bi ta hanci ba.
Ƙofa aka huda mata a maƙogwaro,
farin bututu, bai kai ɗan yatsana ba,
da zare ɗaure a ƙeya.

Na iya zuƙe majina a cikin duhu
kamar yadda na iya ɗaura zane.
Na san kukan da ba shi da sauti,
baki buɗe, hawaye na gudu, ɗaki tsit.

Sati uku ana toshe bututun da rana,
yana bin awaki har bakin rijiya.
Amma Sista Rifkatu ta ce,
"Da rana kowa jarumi ne.
Barci ke tona asirin maƙogwaro."

Shi ya kawo mu Gombe da tabarma da fulas.
Sun manna masa wayoyi a ka, a haɓa,
ya zama kabewa mai yaɗo.
Ɗamara a ƙirji, ɗamara a ciki,
jar fitila a babban yatsan ƙafa.
A allo layuka na hawa da gangara
kamar hanyar Tula.
Karatuna bai kai can ba,
lamba ɗaya na riƙe: casa'in da bakwai.

Ƙarfe biyu da kwata ya juya rigingine.
Ƙirjin ya tsaya.
Ɗaya. Biyu. Uku.
Casa'in da huɗu.
Biyar. Shida.
Hannuna ya riga ni kai wa murfin,
Sista ta cafke shi a iska.
"Bar shi ya nemo hanyarsa."

Sai ya ja.
Minshari!
Sak na babansa,
wanda na shekara tara ina zunguri a kansa.
Na cusa bakin mayafi a baki,
ban san ko dariya nake dannewa ba.

Da asuba aka ɓare wayoyin,
gam ya bar masa tabo a goshi.
Likita zai karanta daren nan layi-layi,
amsa sai Alhamis.
Ko a cire, ko a ce mu dawo bayan damina.

Na naɗe tabarma,
na duba bututun ko-ta-kwana a jaka
kamar kullum.
Gidado ya ja gefen zanena,
da wata murya mai tsatsa, sabuwa fil,
ya ce, "Inna, ƙosai."