Kafin a Haƙa Tushe

Filina yana Rigachikun, bayan gonar masara,
da ɗorawa a kusurwar gabas
wadda maƙwabci ya ce tasa ce. Na ce to, inuwar fa?

Shekara goma sha ɗaya nake tara kuɗin nan:
adashi, rancen ƙungiyar malamai,
da babur ɗin da na sayar ina waiwayensa.

Alhaji Tanimu ya zo da takarda mai layi-layi.
Ya ce, ba ni aikin ka je ka yi barcinka,
bayan wata bakwai ka zo ka karɓi makulli.
Na gangara da ido ƙasan takardar, inda ladansa yake,
sai na ga ɗaki guda cif, har da tagoginsa,
ya tashi daga zanen gidan
ya faɗa aljihun babbar rigarsa.

Ni malamin lissafi ne.
Shekara ashirin ina tambayar yara a Kawo:
in leburori shida sun haƙa rami a kwana huɗu,
kwana nawa zai ci wa goma sha biyu?
Ban taɓa gaya musu ba
cewa biyu za su tafi biki Kachiya,
ɗaya ya karɓi kafin alƙalami ya kashe waya,
sauran su kwanta a kan bulo suna jiran tifar yashi
da tayarta ta fashe tun hantsi.

Sallau ya yi nasa da kansa a Mando.
Ya san kowane lungu na Fanteka,
yana gane rodi mai ƙarya da ɗagawa ɗaya.
Ya rage miliyan biyu, in ji shi.
Bai lissafa hawan jinin ba,
ko tsagar da ta bi bangon falonsa
kamar an zana kogin Kaduna da ƙusa.
Ya rataya kalanda a kai. Tsagar ta leƙo ta ƙasa.

Amma ƙanwar Ladidi ta ba ɗan kwangila nata,
ta yi barcin da aka ce ta yi.
Damina ɗaya, rufin ya koyi kuka.
Buhun siminti ɗaya, bulo sittin,
ka murza da yatsa ya koma gari.

To ina zan sa kaina?
Gaba tsaga, baya yoyo.

Daren jiya na shimfiɗa takardu a kan tabarma,
aka ɗauke wuta, na ci gaba da fitilar waya.
Ladidi ta ce, kai da ba ka iya ce wa mai tumatir ya rage ba,
kai ne za ka kori birkila ranar Asabar
yana tsaye da yaransa uku, hannu duk siminti?
Na yi shiru.
Wannan lissafin ba ya cikin manhaja.

Da safe na je wurin Bulus Yari,
tsohon magini, wanda ya ɗora rabin Unguwar Dosa a kan linta.
Bai ce e ba, bai ce a'a ba.
Ya miƙo min bulo biyu, ya ce wanne za ka kwana a ƙarƙashinsa?
Na juya su, na ƙwanƙwasa, na zaɓi mai kyan fuska.
Ya sake shi daga tsayin ƙugu.
Muka tsaya muna kallon garin.

Ya ce, malam, gini ba ya son mai zuwa bayan an tashi makaranta.
Abin da aka binne da ƙarfe goma
ba ka ganinsa da ƙarfe uku.

Na dawo a motar haya, gwiwata na dukan kujerar gaba.
A jakata akwai lambar Tanimu,
akwai sabon littafi mai bango ja da igiyar awo,
waɗanda na saya ban san dalili ba.
Hadari yana haɗuwa ta wajen Igabi.
Siminti ya ƙara ɗari biyar tun Talata.
Ciyawar filina ba ta jiran shawarar kowa,
ta kai min ƙirji.