Kwana Bakwai

Bayan Bajoga, inda tifa ta gama kwasar marmara,
rami ya rage wa kunama da tumfafiya.
Nan Bakoji safiyo ya zo bayan ritaya
da igiya da turaku da buhun toka.
Ni ne yaron da ke riƙe masa bakin igiya.

A takardar buhun siminti ya fara zana ta.
Ya ce miƙaƙƙiyar hanya ta rago ce,
kowa ya iya murɗa totur ya runtse ido,
a kwana ake gane wanda ya san birki.

Kwana bakwai ya yanka cikin kwana arba'in.
Ta fari mai faɗi, tana yi wa baƙo maraba.
Ta uku ya karkata ta kamar bakin kasko
don taya ta kama ƙasa.
Ta biyar ya murɗe ta a gindin aduwa,
yara suka raɗa mata Wuyan Zalɓe.
Ya jera tsofaffin tayoyi, ya zuba yashi,
ya ce, "Mai faɗuwa ya faɗi kan laushi."

Shekarar fari Gidado mai faci ya cinye
da roba-roba mai salansa ɗaure da waya.
Ladansa galan ɗin mai da jan zakara.
Ta biyu Yila ya taso daga Kaltungo,
ya shiga Wuyan Zalɓe kamar ana bin sa bashi.
Yashi ya karɓe shi, ya bar haƙori biyu.
Bakoji bai runtsa ba. Da asuba ya tashe ni,
muka ƙara wa kwanar taku huɗu.
Ya ce laifin alƙalaminsa ne.

Ta uku ruwa ya cika ramin,
kwaɗi suka yi gasarsu.
Ta huɗu wani mai hular kwano ya wuce kowa,
da ya cire sai ga kitso:
Dudu 'yar Gidado, da baƙin mai a goshi.
Wuri ya yi tsit, sannan guɗa ta tashi.

Yanzu an kafa fegi, an yanka filoti,
masan wani ya hau kan kwana ta uku.
Bakoji ya kwanta dama, takardar na akwatina.
Amma kullum na zo shataletale a Gombe
sai in ji kafaɗata ta karkata da kanta,
yatsuna biyu na lalubar birki.