Rijiyar Bayan Lakwal

Shekara goma sha ɗaya ina rubuta sunayen koguna a tablo,
kogunan da ban taɓa wanke ƙafa a cikinsu ba.
Yara suna kwafa.
Hannu yana kan kaye, ido yana waje,
can inda jakin mai ruwa ke wucewa da jarka shida.
Nomau kuwa barcinsa yake a benci na ƙarshe,
ƙudaje na taro a gefen bakinsa.

Wata Laraba alli ya ƙare mini.
Na dubi hannuna fari fat, na ce:
gobe kowa ya zo da abin da ya girmi ubansa.

Kashegari tebur ya cika.
Habsu ta kawo mazari, da sauran zare a wuyansa.
Agali ya kawo guntun gishirin da kakansa ya ƙi sayarwa,
wai raƙumin da ya ɗauko shi bai iso Tawa da rai ba.
Wani ya jawo akwatin ƙarfe mai ƙamshin Abijan,
a ciki hoto, da takardar lanho da gara ta ci rabi.
Na tsaya ina juya su,
ni da ke cewa na san tarihi.

Nomau bai kawo kome ba.
Ya ce, Mushe, namu ba ya ɗaukuwa.
Rijiyar bayan lakwal, kakan kakana ya gina ta.

Habsu ta miƙe kamar an taka mata ƙaya:
Ƙarya ne! Tamu ce.
Inna Gwamma ta ce namu ya fara sa dagi,
har yatsa biyu ya bari a ciki.

Aji ya rabu biyu.
Ban taɓa jin hayaniya mai daɗin wannan ba.

Muka fita, mu hamsin da bakwai, a jere kamar tururuwa.
Mun sha wuce ta, ba mu taɓa duba ba:
bakin dutse duk igiya ta sassaƙe shi,
tsagi bayan tsagi, wani har yatsa yana nutsewa.
Na ce, ku ƙirga.
Suka ƙirga, suka ɓata, suka sake.
Agali ya ce, Mushe, guga nawa ke cin dutse haka?
Na ce ban sani ba,
karo na farko da na faɗi haka gaban yara.

Muka je wurin Inna Gwamma, tana ɓarar gujiya.
Muka je wurin tsoho Abarshi, kunne ɗaya ya mutu.
Ita ta ce shekarar fara ce,
shi ya ce a'a, bayan yunwa.
Ita ta ce namu ya haƙa,
shi ya ce namu ya ɗaure baki da dutse.
Matan da suka kwashe ƙasar a ƙwarya,
sai da Habsu ta tambaya aka tuna da su,
kuma sunan ɗaya kaɗai ya rage.

Da sufeto ya zo ya tarar da aji wayam,
ya rubuta abin da ya rubuta.
Na sa hannu.

Har yau ba mu raba gardamar ba.
Nomau yana da kaye na musamman yanzu,
shafin dama abin da Gwamma ta ce,
na hagu abin da Abarshi ya ce,
a ƙasa ya ja layi, ya bar wuri.
Jiya ya tare ni bakin kasuwa, wajen masu albasa,
ya ce, Mushe, akwai wata tsohuwa a Bilbis,
an ce ta fi su duka shekaru.
Mu je da wuri, an ce ba ta jin daɗi.