A Rage Mini

A Kasuwar Barci na koyi lissafi,
ba da alli ba, da kalmar ragi.
Rumfar Baba Tanimu, dila biyu ta gwanjo,
ni kan benci ina ninke riguna
waɗanda wasu suka gaji da su a wata ƙasa.

Mace ta ɗaga siket, ta duba ɗinki.
"Nawa?" "Dubu uku." "Haba Baba, a rage."
"Albarka." Ta juya kamar mai tafiya,
ƙafa a waje, ido na nan ciki.
"To a yi sauƙi." "Na yi." "A sassauta dai,
ai ni 'yar gida ce."
Ya yi jim, ya kaɗa kai: "Kawo. Na sallama."

Na ɗauka duk kalma ɗaya ce.
Shi ya rarrabe mini su da la'asar,
yana kakkaɓe tabarma:
Ragi, baki ke roƙonsa.
Rangwame, zuciya ke bayarwa.
Sauƙi na Allah ne, mu aro muke yi.
Araha ba ta ado, wani lokacin har da ƙaiƙayi.
Karya farashi sai mai bashi
wanda aka yi wa wa'adi zuwa Juma'a.
Abin da ka samu a ɓagas, wani ya yi kukansa.
Da ya zo kan tauye mudu,
sai ya juya ya tofar da yawu.

Akwai ɗaya da bai faɗa ba.
Inna ce ta gaya mini bayan shekaru,
tana tsintar shinkafa a faranti:
shekara goma sha tara a masaƙar Kakuri,
ran wata Litinin aka manna takarda a bakin get,
wai an rage ma'aikata.
An rage. Kamar gishiri a miya,
kamar wutar risho, kamar tsawon wando.
Ya dawo gida da kwanon abincinsa a rufe.
Hannun da ya saba da atamfa sabuwa fil
ya koma ɗaga abin da wasu suka tuɓe.

Yanzu rumfar tawa ce.
Dila ta hau, ba ta san ragi ba.
Buhu na ramewa, kuɗinsa na ƙiba.
Kogi ma da rani yakan janye
har ka ƙirga duwatsunsa daga kan gada.
Baba ya rage ci, ya rage magana,
tsayinsa ma ya ragu.
"Da sauƙi," yake cewa in an tambayi jiki,
ni kuwa ɗan kasuwa ne,
na san kuɗin da ake faɗa don a ɓoye na gaskiya.

Jiya wata yarinya ta rungume rigar sanyi,
kuɗin hannunta bai kai rabi ba.
Na buɗe baki zan ce albarka,
sai muryarsa ta fito daga bayan dila:
"Ba ta, Ɗanjuma.
Abin da ya rage mana ya isa."