Zaren da Ya Sha Ruwan Chacao

Mun bar Temuco gari bai waye ba,
Anselmo na tuƙi, ni ina ƙirga kaya da baki:
butar shayi, bargo biyu, kunzugun Rayén,
da dunƙulen zaren ulu ruwan ƙasa
da na rantse zai zama hula kafin mu ga teku.
Layi goma sha ɗaya na saƙa,
tara na warware,
don Nahuel ya tambaya sau bakwai ko mun iso,
kowace tambaya sai ta cinye mini lissafi.

A Osorno ya ce fitsari.
Da aka tsaya ya ce wasa yake, dutse ya hango.
Shekararsa biyar, aljihunsa ya fi shi nauyi.
Kowane dutse da sunansa:
akwai Kaka, akwai Likita,
akwai wanda ba a faɗa sai an rufe ƙofa.

Ubansu kuwa tsuntsaye ne ciwonsa.
Shekara uku yana tari ya sayi madubin hangen nesa,
da ɗan littafi mai koren bango
inda yake rubuta wa ya gani, a ina, ƙarfe nawa.
Shafi guda ya bari ba ko ɗigo
saboda wata agwagwar ruwa, fara sol, mai baƙin wuya,
da aka ce tana shawagi a gaɓar Chiloé.
Ni dai na ce Allah ya haɗa ku.

A Pargua motarmu ta shige cikin jirgin ruwa.
Yayyafi, iska na marin fuska,
muka hau sama mu sha kallo.
Nan Rayén ta yi shirun nan da uwa ke tsoro,
ta dubi ubanta ido cikin ido,
ta mayar masa da madarar safe kaf,
a kan riga, a kan madubi, har cikin littafin.
Yana goge-goge, kai a sunkuye,
ina laluben tsumma a jaka,
sai dunƙulen ya zame daga cinyata,
ya gangara ƙarƙashin kujeru,
ya ratsa ƙafafun wani direba mai cin burodi,
tsundum.

Nahuel ne ya bi shi da ido.
"Mama, ga kaji masu dogon wuya suna kallon zarenki!"
Kafin Anselmo ya ɗago, kafin ya share gilashi,
jirgi ya karkata, hazon teku ya rufe.
"Guda nawa?" in ji shi, murya na rawa.
Yaron ya ɗaga yatsu uku,
ya yi tunani, ya ƙara ɗaya.

Na jawo zarena hannu bayan hannu,
jiƙe sharkaf, yana warin gishiri.

Da dare a Castro,
a gidan katako mai tsaye kan dogayen ƙafafu cikin ruwa,
Doña Eduvina ta ba mu wainar dankali da zafinta.
Yara suka zube a gado kamar an sauke itace.
Duwatsu bakwai a jere bakin taga,
har da sabo, sunansa Jirgi.
Anselmo ya shanya littafinsa kusa da murhu,
ya buɗe shafin nan da yanzu ya yi tabon madara,
ya daɗe yana jujjuya biro.
Na leƙa ta kafaɗarsa:
"Huɗu, ko uku. Mashigin Chacao, sha ɗaya da kwata.
Nahuel ya gani."

Hulata ko kunne ba ta rufe ba.
Gobe sai neman kantin magani da wurin wanki,
kuma wai akwai gaɓar da duwatsunta ke da huji,
kada wanda ya gaya wa yaron nan tukuna.
Ruwa ya cika ƙarƙashin gidan,
ina jin sa yana lasar ginshiƙai.
Na ɗauki kwarashi. Ɗaya, biyu, uku,
Rayén ta yi tari.
Na ajiye.