Maɓallin Ya Yi Ƙaura

Ranar Litinin na buɗe ofis,
warin albasa ya riga ni shiga, kamar kullum.
Na kunna kwamfuta, na juya in rataye hula,
da na waiwayo sai ga baƙuwar fuska.

Aikin Bamidele ne, yaron Ikeja mai jakar goyo.
Ya zo ran Asabar bayan na tashi,
ya ce wa shugaban ƙungiya tsarin ya tsufa,
masu shi ma sun daina waiwayarsa,
ɓarayi na iya shigowa ta kowace kafa.
Ya sabunta. Ya karɓi kuɗinsa. Ya hau danfo.

Shekara tara maɓallin farawa
na zaune a kusurwar hagu, can ƙasa,
kamar mai shayin bakin kasuwa.
Yau ya koma tsakiya, ko sallama babu.
Hannuna bai sami labari ba,
sai ya riƙa jan linzami zuwa kango
yadda harshe ke komawa gurbin haƙorin da aka cire.

Ga Nomau direba tsaye a kaina,
kwana uku a hanya daga Aliero,
buhu ɗari biyu da sha huɗu,
ido jawur, takardarsa yake so ya je ya kwanta.
Na ce, minti biyu.
Allo ya ce in dakata, yana gyara kansa,
kada in kashe.
Talatin cikin ɗari.
Janareto na kwankwaɗar mai a bayan taga kamar kyauta ake ba mu.
Talatin da ɗaya.
Nomau ya ce, “Malam Sallau, ko biro za ka ɗauko?”
Na ɗauko biro.

Firinta kuwa, da suka shekara tara a tebur ɗaya,
sai suka yi kamar ba su taɓa gaisawa ba.

Duk ba wannan ya ci mini rai ba.
A tsohon allon akwai gonar babana,
hoton da ƙanena ya turo wata damina:
dawa ta kai kafaɗa,
wata akuya ta leƙo daga gefe ba a gayyace ta ba.
Yanzu wani shuɗin ƙyalle ne a nannaɗe,
mai kyau dai,
amma ba a shuka komai a kansa.

Bayan azahar ruwan Ikko ya tsuge,
Mil Sha Biyu ta zama kunun taɓo,
’yan dako suka fake ƙarƙashin tireloli.
Na zauna ina kallon allo, yana kallona,
sai na tuna ranar da na sauka garin nan
da jaka ɗaya da adireshi a bayan kwalin sigari,
kwandasta na ihun Ketu, Ojota,
ni ina tsammanin zagina yake.
Sau biyu na tsinci kaina a Oshodi ban nufe ta ba.
Wa ya tsaya ya mayar mini da Legas yadda zan gane?

Bintalo ta shigo da kwanon abincina,
rigar makaranta sharkaf.
Ta leƙa ta kafaɗata, ta ce,
“Baba, ba sai ka san inda abu yake ba.
Rubuta sunansa a nan, shi zai zo.”

Na rubuta gona da yatsa ɗaya.
Sai ga dawa. Sai ga akuya.
Na ɗan juya fuska, na ce albasa ce.

Na rubuta bashi.
Shi ma ya zo, ko kwabo bai ɓace ba,
har da nawa na wajen mai tattasai.
Wannan da ya ɓata a hanyar ƙaura
ba zan kai ƙara ba.

Yau Alhamis.
Sau huɗu kacal hannuna ya je gaida kango,
jiya sha ɗaya ne, ina ƙirgawa a gefen kalanda.
Gonar ta koma mazauninta.
Firinta har yanzu tana gaba.
Na kira Bamidele, ya ce ga shi nan a Ketu, gosulo ne.
Haka ya ce jiya ma.